Muryar da ke Cikin Karan Masara

Assalamu alaikum 'yan uwana mata na wannan zaure. Na ga saƙonninku tun da labarin sa ranata ya fito, masu addu'a da masu tsokana, har da wadda ta ce sai na turo hoton ango ta ga ko ya dace da ni. Na gode, Allah ya bar zumunci. Sai dai yau ba hoto na zo da shi ba. Magana ce take damuna, na duba gidanmu kaf ban ga wanda zan faɗa wa ya fahimta ba, shi ya sa na kawo muku ita.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Wasila. Ɗiyar Alhaji Sodangi mai hatsi ce ni, a Ƙofar Marke aka haife ni, a nan na girma cikin ƙamshin gero da ƙurar buhunan dawa da ake jibgewa a zaurenmu. Wanda zan aura kuma sunansa Mu'az.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na san shi. Nazarin halittu nake karantawa, malamar da ke duba aikina, Dakta Lantana, ta tura ni ɗakin raga da ke bayan gonar makaranta in riƙa auna tsayin masarar da aka shuka a tukwane. Ranar farko da na shiga na tarar da wani dogon saurayi siriri zaune a kan kifaffen bokiti, iyafis a kunne, ido a rufe, ya fuskanci tukunyar masara kamar mai roƙon Allah. Na yi sallama, shiru. Na sake yi da ƙarfi, sai kawai ya ɗaga mini yatsa ɗaya ba tare da ya buɗe ido ba. Ku da kuka san halina kun san yadda raina ya ɓaci. Na riga na shirya baƙar maganar da zan yaɓa masa, sai ya buɗe ido, ya amsa sallamar, ya ba ni haƙuri, ya ciro iyafis ɗaya ya miƙo mini.

Na goge shi da bakin mayafina, na sa a kunne don dai in ga iyakar haukan. Da farko ban ji komai ba sai huci. Can sai na ji wani abu kamar ana tada babur daga nesa, ya yi gurnani ya tsaya, sai ƙwanƙwasa ta biyo baya, irin wadda mace ke yi da zobe a bayan ƙwarya. Na waiga ina neman inda ƙarar ke fitowa. Ya nuna mini ganye da tsinken tsintsiya. Wani ɗan ƙwaro ne a wurin, ruwan ɗorawa, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ko motsi ba ya yi.

Ya ce bai san musu suna da Hausa ba, shi dai 'yan tsalle yake ce musu, don da ka taɓa ganyen sai su yi tsalle su ɓace. Namijin ne na ji. Cikinsa yake girgizawa, girgizar ta bi ƙafafunsa ta shiga ganye ta gangara kara. Iska ba ta ɗaukar ta, don haka ko ka kafa kunnenka a jikin ganyen ba za ka ji ba, sai da 'yar na'urar da ya maƙala a karan. In akwai mace a kan masarar kuma kiran ya yi mata, sai ta amsa da ɗan gajeren sauti, shi kuma ya taka ya nufi wajen, ya tsaya, ya sake kira, har ya iske ta. Wani lokaci kuma wani namijin da ke laɓe yakan saki hayaniya daidai lokacin da za ta amsa, don ya rufe muryarta.

Wannan hayaniyar ta ɗan baƙin ciki ita ce aikin Mu'az. 'Yan tsallen nan su ke yaɗa cutar da ke zana fararen layuka a ganyen masara ta hana ta goyo. Burinsa ya naɗi hayaniyar, a riƙa tura ta cikin shuka ta igiyar waya, namiji da mace su kasa samun juna, ƙwai ya ragu, manomi ya huta da yawan feshi. Daga baya na san dalilin da abin ya tsaya masa a rai. Mahaifinsa manomi ne a wajen Wurno, ya shekara da shekaru yana goya tankin feshi ba ko ƙyalle a hanci, yanzu tari ba ya barin sa ya idar da sallah a tsaye.

Ban san ranar da na fara son sa ba. Na dai san na gama auna masarata tun da daɗewa amma ban daina zuwa ɗakin raga ba. Ya samo mini nawa bokitin. Yakan kunna mini sautukan da ya naɗa mu riƙa warewa, wannan kira ne, wannan amsa ce, wannan ɗan baƙin ciki ne, har ya zamana nakan riga shi ganewa. Mutum ne da idan kina magana yakan saki duk abin da ke hannunsa ya saurare ki har ki dire, ko da labarin telan da ya ɓata miki ɗinki ne. Ban taɓa ganin namiji mai irin wannan ba, a gidanmu kowa kan katse kowa ne.

Da na tafi bautar ƙasa na dawo, kullum da safe sai na tarar da saƙon murya a wayata. Ba muryarsa ba ce, ta ƙwari ce, a ƙasa ya rubuta abu kamar, “Wannan tun ɗazu yake fama, ba a kula shi ba. Ina kwana?” Wata safiya na manta ban rage ƙara ba, Gwaggo Tani, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, tana tankaɗe a gefe. Ta saki rariya ta tambaye ni ko wayar ce ta lalace. Da na yi mata bayani ta riƙe haɓa ta daɗe tana kallona, kafin azahar kuma babu wanda bai sani ba a gidan cewa saurayin Wasila ƙwari ke yi masa zance.

Baba ya ce a turo shi. Ya zo da shaddarsa guda ɗaya da ta sha guga har ta fara sheƙi a gwiwa, a kan babur ɗin yayansa da yake zaune a wurinsa a Arkilla. Ni ina bayan ƙofar zaure, ina saurare. Baba ya tambayi asalinsa, ya ji, ya gamsu. Sannan ya tambayi sana'a. Mu'az ya yi bayani tiryan-tiryan, Baba bai katse shi ba har ya gama.

“Wato ƙwari kaka saurare,” in ji Baba.

“Eh, Baba.”

“To in sun yi magana, wa ka biyan ka?”

Mu'az ya ce akwai ɗan alawus da ake ba su, yakan dai makara. Baba ya yi masa addu'a ya sallame shi cikin mutunci. Da ya shigo gida ya zauna ya sha furarsa, sannan ya ce wa Inna, yana sane ina ji, yaron yana da hankali da ladabi, amma shi ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda tukunyar gidansa ke jiran ƙwaro ya yi kuka.

Kada ku zagi Babana. Mutum ne da ya fara da dakon buhu, ya san abin da yunwa ke yi wa aure. Kuma bai rufe ƙofa ba. Kawu Ɗahiru, yayan Inna, yana da babban shago a Sama Road na iri da taki da maganin feshi, ya daɗe yana neman mai ilimin da zai karanta abin da ke jikin kwalabe ya yi wa manoma bayani. Baba ya ce in Mu'az ya karɓi shagon, to ya turo magabatansa.

A daidai lokacin kuma Dakta Lantana ta samo tallafin da za a fitar da gwajin daga ɗakin raga zuwa gona ta gaske a fadama, tana so Mu'az ya riƙe aikin ya yi digirinsa na uku a kai. Ranar da ya zo ya faɗa mini, cike yake da murna. Ni kuma a ranar na isar masa da saƙon Baba.

Da na ga hankalinsa ya fi karkata ga aikin fadama, na yi kuka, na yi fushi, na daina buɗe saƙonnin safe. Ina gani suna taruwa a wayar, ina share hawaye ina ƙin taɓawa. Da ya gaji ya zo zaure, na ce masa ƙwarin nan ba inda za su je, ya riƙe shagon har a ɗaura mana aure hankalin Baba ya kwanta, daga nan ya koma abinsa, ni da kaina zan raka shi. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, na ɗauka abu ne da ake ajiyewa a dawo a ɗauka kamar takalmi a ƙofar masallaci. Ya daɗe yana kallon tabarma. Abin da ya ce kawai shi ne, “To, Wasila.” Washegari ya mayar wa Dakta makullin ɗakin raga.

Na yi zaton zai sha wuya a kasuwa. 'Yan uwa, sai ga shi kamar don ita aka halicce shi. Manoma suka gane akwai wani a shagon Alhaji Ɗahiru da in ka kawo masa ganye zai faɗa maka abin da ke cin gonarka. Daga Kware, daga Wamakko, daga Dange ake zuwa. Kafin damina ta zagayo wani kamfanin magani ya ba shi dilanci. Ya yi ƙiba, ya yi haske, shaddodi suka yawaita, wayoyi suka zama biyu, ya sayi 'yar mota. Baba da kansa yake matsa masa wuri a kan darduma. Gwaggo Tani da ta sa masa suna mai ƙwari, yanzu in ta ji ƙarar motarsa ita ke fara cewa in tashi in sa turare kada in bar bawan Allah a rana. Saƙonnin safe kuwa suka koma, “Ina kasuwa, zan kira,” sai hotunan tayil da labule na gidan da yake ginawa a Arkilla, in zaɓi kala.

Ina zaɓa, ina murna, ina gaya wa kaina ai abin da na roƙa ke nan. Har ranar da Inna ta aike ni shagon karɓo mata irin alayyafo.

Na sa atamfata shuɗiya da yake so, na hau keke napep na je. Shagon cike yake, warin magani ya cika hanci. Wani dattijo mai rawani ya miƙa masa ganyen masara duk fararen layuka. Mu'az ya juya ganyen, ya duba bayansa yadda ya saba, har na ga tsohon kallon nan ya dawo idonsa. Sai na ji yana ce wa dattijon kada ya ɓata maganinsa da tsakar rana. Ya bari sai sanyin safiya ko yamma liƙis, lokacin da mazan ƙwarin ke hawowa saman ganye suna kiran mata.

“Lokacin hankalinsu ba ya jikinsu, Baba,” ya ce. “Ango da amarya duk ka haɗa ka gama da su.”

Shagon ya ɗauki dariya, shi ma yana yi. Ya ɗauko kwalba ya ƙara da wata. Dattijon yana ta tari yana ɗaure kayansa a leda. Ni ce na ce a hankali ko za a ba shi abin rufe hanci. Mu'az ya ce af, ya manta, ya zaro ɗaya ya jefa a ledar, ya juya ga na gaba.

Da ya tashi mayar da ni gida a mota, na tambaye shi ko yana kewar ɗakin raga. Na so ya yi shiru, ko ya kawar da kai, in san abin yana nan a ransa. Sai ya yi murmushi ya ce shi fa godiya zai yi mini. Ya ce yanzu duk wata yana kai mahaifinsa ganin likitan ƙirji ba tare da ya roƙi kowa ba, ya sauke rufin ɗakin mahaifiyarsa da ke yoyo ya sa sabo, ƙannensa sun koma makaranta. Ya ce da ba don ni ba da har yanzu yana kan bokiti. Me zan ce? Duk abin da ya lissafa alheri ne. Na ce alhamdulillahi, na juya ina kallon titi. Ina cikin ba shi labarin wani abu wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, har muka iso Ƙofar Marke bai tambaye ni ƙarshen labarin ba.

Bayan an sa rana na haɗu da Dakta Lantana a gidan suna. Na so in ɓuya, ta riga ta gan ni. Ba ta yi mini gori ba, ta ma yi mini fatan alheri. Ta ce gwajin fadama yana tafiya, an ja wayoyi a kunyoyin masara, amma ɗaliban da take da su ba sa bambance kira da hayaniya, sai su cakuɗa mata komai. Ta ce ta tuna ina da kunne. In ina so, akwai gurbin digiri na biyu, in riƙa taimaka mata.

Na kwana biyu ina juya maganar kafin na tunkari Baba, ina jiran faɗa. Sai ya ce karatu ai ba abin ƙi ba ne, amma yanzu ba shi ke da wannan magana ba, tunda ya riga ya ba da ni, in tambayi mai ɗaukata. Ya dai yarda in je in gani.

Na je da safe, raɓa ba ta bushe ba, gefen zanena duk ya jiƙe. Dakta ta maƙala na'ura a wani kara ta miƙo mini iyafis. Na tsuguna a tsakiyar kunya. A ɗakin raga ɗaya ko biyu muke ji, a nan kuwa gonar gaba ɗaya magana take, wani na kira, wata na amsawa, wani na kutse, alhali in kin cire iyafis ba abin da za ki ji sai tsuntsaye da injin ban ruwa can nesa. Na riƙa faɗa mata wanne ne wanne tana rubutawa. Sai da ta miƙo mini hankici na san hawaye nake yi.

Ranar Juma'a da yamma Mu'az ya zo zance cikin farar shadda, ƙamshinsa ya cika zaure. Na kawo masa hoce da zoɓo mai sanyi, na bari ya ci, sannan na faɗa masa tayin Dakta. Na ɗauka ko bai yi murna ba zai yi ɗan shiru irin na da. Bai ɗaga murya ba, Mu'az bai taɓa yi mini tsawa ba. Ya ce in duba matsayinsa. Shi dilan maganin feshi ne, mutanen kamfani sun san shi, manoma sun san shi. Yaya za a ce matarsa na tsugune a fadama tana aikin da manufarsa a daina sayen abin da yake sayarwa? Ya ce ya riga ya ware ɗaki a sabon gida da zai zuba mini kayan kicin in riƙa sayarwa daga gida, ba rana ba taɓo.

“Kuma abin nan ba zai yi aiki ba,” ya ce. “Na fi kowa sani. Gona ba tukunya ba ce.”

“Ka je ka gani mana. Dakta ta ce ƙwai ya ragu a kunyoyin da aka ja wa waya.”

“Wasila, ki bar maganar nan.”

“Kai fa ka koya mini sauraronsu.”

Ya ajiye kofin a hankali ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

“Ke kuma kika koya mini barin su. Na ji maganarki a lokacin, ban ja da ke ba. Yanzu ki ji tawa.”

Na raka shi bakin mota, ya ce in gaida Inna, ya ce jibi 'yan uwansa mata za su kawo lefe.

Jiya suka kawo. Tun hantsi aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi, aka soya kaji, aka dama fura. Ni aka tura ni ɗakin Inna aka ja labule, kamar yadda aka saba. Ina jin guɗa, ina jin ana jan zif ɗin akwatuna, Gwaggo Tani tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunansu da ƙarfi don maƙwabta su ji ta katanga, leshi, shadda, atamfa, sarƙa da 'yan kunne. Mata suna ta cewa Wasila ta yi goshi.

Ina zaune a bakin gado da waya a hannu. Dakta ta ce in ba ta amsa kafin Litinin don ta miƙa sunaye. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Na tuna tarin mahaifinsa, na tuna fuskar Baba ranar da aka sa rana, yadda ya riƙa share ido da hannun riga yana cewa hayaƙi ne. Na tuna kuma cewa duk wanda zan kai wa ƙara zai tambaye ni laifin Mu'az, ni kuma ba ni da laifin da zan nuna. A ƙarshe na rubuta, “Dakta, ki yi haƙuri, ba zan samu zuwa ba. Na gode da kika tuna da ni.” Na tura.

Ba a jima ba ta amsa. “Ba komai ɗiyata, Allah ya sa albarka a auren. Ɗalibai biyu mafi kyawun kunne da na taɓa koyarwa, ga shi gida ɗaya za su tare.”

Ina cikin karantawa Gwaggo Tani ta ɗaga labule, baƙi sun tafi, hannunta riƙe da wani takalmi mai duwatsu. Ta ce in miƙo ƙafa a gwada, in bai yi ba a mayar tun da wuri. Na kife wayar a kan katifa na miƙa. Ta durƙusa ta zura mini, ta ɗaure maɗaurin, ta ce in taka ta gani. Na tashi na taka zuwa ƙofa na dawo.

“Ya matse ki?” ta tambaya.

Na ce a'a, Gwaggo, ya yi daidai.